Gindin Turken Hagu

Da wuƙar yanka burodi da gwangwanin biskit Desmond Ackroyd ya shiga filin wasan Hollinby, a safiyar da motocin rusau suka iso.

Bara ƙungiyar ƙwallon rugbi ta garin ta lallasa kowa. Amma hukuma ta ce ba da cin wasa ake samun lasisin shiga babban rukuni ba. Kujeru ake dubawa, da fitilu, da ɗakin da manyan baƙi za su ci nama. Sai shugaban ƙungiya ya sayar wa masu kanti filin, ya kama hayar wani sabo a birni. Da aka fitar da sunaye, babu Hollinby.

A can baya, a gindin turken gola na hagu Desmond ya barbaɗa tokar gawar matarsa Glenda bayan an ƙone ta, yadda ta bar wasiyya. Ta ce daga nan alƙalin wasa ya fi jin zaginta.

Yau ya tarar an riga shi. Norris, abokin aikinsa tun zamanin haƙar kwal, yana durƙushe yana yankar ciyawar wurin.

"Kai, ɓarawo! Matata ce kake turawa a leda," in ji Desmond.

"Ƙanena ne, tsohon banza. Ya riga ta zuwa."

"Ƙanenka ai can wajen tutar kusurwar fili kuka zuba tokarsa."

"Ruwa ya gangaro da shi. Filin nan a karkace yake, ka manta? Har da shi a laifinmu wajen hukuma."

Desmond ya duba. Ƙasa ce baƙa, jiƙaƙƙiya, ba ta yi kama da kowa ba. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, suka raba ta biyu.

"A sabon filin za ka dasa ta?" in ji Norris.

"Na je na tambaya. Ciyawarsu ta roba ce. Wata yarinya mai fara'a ta ce suna da bangon tunawa da mamata, sai a liƙa sunanta."

"To, ai da sauƙi."

"Bangon wurin ajiye motoci yake kallo."

Norris ya yanko wani ɓangare daga rabonsa, ya ƙara masa.

A kan tagar kicin Desmond ya ajiye gwangwanin da ciyawar a ciki, yana ba shi ruwa. Ranar Lahadi ya jawo rediyo kusa da shi. Hollinby tana kan gaba, a wasan da ko an ci ba inda za a je. Can sai alƙali ya soke musu ci mai kyau, wanda ko makaho ba zai soke ba.

Desmond ya rage muryar rediyon, ya juya wajen taga, ya ba Glenda dama ta yi zaginta.