Tutiyar Injiniya Gidaɗo

"Inna, ki kira Malam Almu, mai gida ya faɗi," in ji Rabi'atu, matar maƙwabcinmu, ta kan katanga.

Mijina Almu ya shiga, na bi bayansa. Muka iske maƙwabcinmu Gidaɗo kwance gindin bahunansa, ɗakin yana warin tafarnuwa. Idonsa ya yi ɗorawa, amma da Almu ya miƙa hannu sai ya ce, "Kada ka taɓa mini ruwa."

Gwamnati ce ta kai shi Turai lokacin da kuɗin mai ya buɗe, ya koyo fitar da tutiya, ƙarfen da ake shafa wa kwanon rufi. Masana'antar da aka ce za a gina ba a gina ba. Ya dawo Tambuwal da sunan Injiniya da jan ƙyalle a wuya irin na Turawa, ya sayi injin wuta. Aikinsa ke nan, ya narkar da ɓawon tsoffin batura cikin bahunan ruwan batir, ya tsoma faifan alminiyam da na dalma, ya saki wuta, wai tutiya za ta kwanta jikin faifan, fara tas.

Ba ta taɓa kwantawa ba. Kullum baƙa take fitowa, duk huda kamar gara ta ci. Ya ce ƙwayar baƙon ƙarfe ɗaya, wadda ido bai gani, ta isa ta sa tutiyar ta koma ruwa. Wataƙila gaskiya ne. Sai dai kullum baƙon ƙarfen daga wani yake zuwa. Yau rijiyar unguwa ce, gobe awarwaron Rabi'atu. Mahaifiyarsa ta taso daga Kebbe kan akori-kura, ya tsai da ita a zaure don kunnenta da tagulla. Daga baya ya liƙe tagogin ɗakin, wai iskarmu ma da datti.

A asibiti fitsarinsa ya koma ja. Likita ya tambayi Rabi'atu aikin da yake yi, ya ce iskar guba ce da ke tashi idan ƙazamar tutiya ta haɗu da ruwan batir, ya shaƙe ta a rufaffen ɗaki.

Na je duba shi ran Laraba. Rabi'atu tana fifita, ya juyo da ƙyar ya dube ta.

"Ke kika shiga ɗakin bahunan nan."

"Ban shiga ba, Malam. Makulli na wuyanka," in ji Rabi'atu.

"To wani ya shiga."

Abin da nika iya shaida ke nan ya faɗa na ƙarshe. Almu ya yi ta laƙƙana masa kalmar shahada, ya ce leɓensa ya motsa. Allah ya sa.

An yi jana'iza bayan azahar, sahu bai cika biyu ba. Washegari aka haƙa rami bayan gari aka tuttule bahunan.

Tsohuwar mahaifiyarsa ta zo zaman makoki da ɗan akuyarta, ba ta sami igiya ba. Da na leƙa da safe, na gan shi ɗaure jikin turmi da jan ƙyallen nan da Gidaɗo ke ɗaurawa a wuya, yana tauna bakin ƙyallen.