Gidan Tsallaken Rafi

Tarin 'yata Una ne ya sa na ajiye cokali. Irin tarin nan ne mai tasowa daga ƙasan ƙirji, har sai yarinyar ta dafa bango, bangon kuwa jiƙe yake sharkaf tun farkon sanyi. Shekararta biyar. Mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya a gidan surukata, can cikin kwarin gari inda ruwa ke kwanciya: ni da mijina Malachy da yara huɗu.

Likita ya ɗora kunnensa a bayanta, ya ɗago ya dubi rufin da ke ɗiga.

"Ba magani take nema ba, Dympna. Busasshen ɗaki take so. In ta sake yin wani sanyin a nan, ban ɗaukar miki alkawarin komai ba."

"To likita, rubuta mana ɗakin a takarda mu kai kantin magani," in ji surukata.

Ba wanda ya yi dariya. Ta tagarmu ana hango sababbin gidajen hukuma a kan tudu, tsallaken rafi, guda ashirin, rabinsu ko labule babu. Kullum in zan tafi masana'antar ɗinkin riguna sai na kalle su, har wuyana ya saba da juyawa.

Ko yaron goye a garinmu ya san dalili. Mazaɓu uku ne. Mu 'yan Katolika mun fi yawa, amma an tattara mu an cusa a mazaɓar kwari mai kujera shida, sauran biyun da 'yan Furotesta suka ɗan fi rinjaye suna da tara. Ƙuri'ar zaɓen majalisar gari kuma ta mai gida ce da matarsa kawai. Duk wanda aka miƙa wa mabuɗi a kan tudu, an miƙa masa ƙuri'a biyu a inda ba a son ganinsa.

* * *

Ranar Laraba na sa rigar zuwa coci na tafi wurin Mista Orr, shugaban kwamitin rabon gidaje. Mutum ne mai fara'a, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Har shayi ya sa aka kawo mini. A bayan kujerarsa taswirar gari ce, an bi ta da jan layi.

"Uwargida Gormley, sunanki na cikin jerin mazaɓarku. Da an samu fili a kwari za a gina muku."

"Wane fili, ranka ya daɗe? Kwarin ya cika, har matattu a jere suke jira. Ga gidaje can a tudu gizo-gizo na kwana a ciki."

"Can wata mazaɓa ce. Rafin nan ba ni na haƙa shi ba, Allah ne ya shimfiɗa abinsa. Mu dai mun bi shi da alƙalami."

Na tashi na matsa kusa da taswirar. Shekara shida ina bin bakin rafin nan safe da yamma, na san duk inda ya karkata. Jan layin ya bi ruwan tiryan-tiryan har gada, daga nan sai ya rabu da shi, ya haura ya zagaye Layin Masaƙa inda danginmu suke, ya jawo su cikin kwari, sannan ya dawo bakin ruwa kamar bai yi komai ba.

Na ɗora yatsa a wurin. "Nan fa? Allah ne ya sa rafin ya hau tudu ya sauko?"

Ya yi dariya har da buga tebur. "Kai, bakinki da kaifi! Wannan harshen ba na garin nan ba ne. A ina aka haife ki?"

"Donegal."

"Tsallaken iyaka ke nan. Yaushe kika zo?"

"Shekara shida, da aure."

Sai fara'arsa ta canja, ta zama ta mai ciniki. Ya juya alƙalami a hannu. "Ashe ba ki cika shekara bakwai ɗin da doka ta yanka wa 'yan tsallaken iyaka ba. Ba ki da ƙuri'a a zaɓen bana." Ya ajiye alƙalamin. "Mai gidan naki fa, me yake yi?"

"Abin da mazan kwari ke yi. Jiran aiki."

"Na ji ana neman leburori a Ingila, wurin gina hanya. Da a ce gidan sunanki zai ɗauka, ke da yara kaɗai, babu namijin da za a rubuta a rajista, da wataƙila lamba goma sha huɗu ta samu. Ni dai ban ce komai ba. Sha shayinki kada ya huce."

Na shanye shi tas. Har yau ina jin kunyar wannan.

* * *

Na tarar da Malachy yana feraye dankali, Una na kwance a cinyarsa. Na faɗa masa komai ban rage ba, don na so ya fusata, ya fasa wani abu, in samu abokin fushi. Bai fasa komai ba.

"Ashe ina da daraja," ya ce. "Shekara uku ba wanda ya neme ni ko da share titi, yau ga hukuma na tsoron hannuna."

"Kada ka mayar da shi wasa."

"To kuka zan yi, 'yar Donegal? Ke kika ce kina son mutumin birni."

Surukata ta taso daga bakin murhu. "Ba inda za ka! Haka suka yi da ubanka, haka suka yi da yayanka. Ku duka kuna hawa jirgin ruwa, su suna ƙirga kujeru. In ka tafi ka ba su abin da suke so."

"Na sani, Inna."

"Ka sani, amma?"

Una ta sake sarƙewa da tari, Malachy ya tallafe ta, tafinsa ɗaya ya rufe bayanta duka. Ya jira har ta lafa, sannan ya tambaye ni ranar da jirgin ruwan Liverpool ta Ingila ke tashi. A lokacin na tsane shi, na tsani kaina, na kuma ji wani sanyi a raina da ba zan ɓoye ba.

Ranar da aka ba ni mabuɗin lamba goma sha huɗu, shi ya tura mana kaya a amalanke har kan tudu. Ya ɗaura gado, ya kunna murhu, ya bi bangon ɗakin yara yana shafawa da hannu. Ko kwana ɗaya bai yi a ciki ba ya tafi Ingila, don maƙwabta na leƙe ta labule.

* * *

Wata biyu bayan haka mai rajistar zaɓe ya ƙwanƙwasa ƙofa da hantsi, da babban littafi a hammata. Una na tsalle-tsalle a tsakar gida, kumatunta sun fara cikowa, rabonta da tari mako uku.

"Lamba goma sha huɗu. Uwargida, mai gidan yana ciki?"

Una ta tsaya cak ta dube ni.

"Babu namiji a gidan nan," na ce.

Ya ja gajeren layi a gaban lambarmu, ya taɓa hularsa, ya wuce ƙofa ta gaba. Ina tsaye na ji matar gidan tana ƙwala wa mijinta kira ya fito a rubuta sunansa.