Jaje Kafin Ruwa

Tun farkon damina Surayya take zaune gaban kwamfuta a Talata Mafara, tana gwada yadda za a kwashe ƙauyukan fadamar Bakura idan gulbi ya yi ambaliya. Ta saka motoci, ta saka amalanke da shanu, har jakin da zai turje a kan gada sai da ta yi lissafinsa. Amsar ba ta canza ba: ranar gudu, kowa waje zai nufa, kada ko keke ya shiga.

Da gargaɗin ya zo, tsarin ya yi aiki kamar a mafarki. Wahalarta ɗaya ita ce mahaifiyarta Marka, wadda ta rantse ba ta barin ɗakinta. Da ƙyar Surayya ta shawo kanta ta waya.

"Inna, hanya buɗe take. Ni na tsara ta da hannuna."

Tsohuwa ta hau motar ƙarshe.

To, ana cikin haka sai ga Alhaji Misbahu, mai neman kujera, da jerin motoci da masu ɗaukar hoto. Wai jaje ya zo yi. Jama'a, jajen me, ruwan ma bai iso ba? Masu tsaron shingen hana shiga suka ga babbar riga, suka ɗage masa sanda har da rusunawa. Ya kutsa ƙaramar gadar, ya yi kiciɓis da motocin masu fitowa, komai ya tsaya cik.

Surayya ta iso bakin gadar a kan acaɓa. Ta tarar da shi yana bin motoci ɗaya bayan ɗaya, ina kwana, ina gajiya, ya muka ji da wannan abu. Mutane kuwa, saboda kunya, suna amsawa dalla-dalla.

"Ranka ya daɗe, a ja da baya, don Allah."

"Haba ɗiyata, ban gama gaisawa ba."

Wayarta ta yi ƙara. Marka ce, murya kwance.

"Ke Surayya, mun sabka. Kin ce hanya buɗe take, ga shi ko motsi ba mu yi. Na koma ɗakina."

"Inna, ki tsaya nan!"

Layin ya yanke. Alhaji ya dube ta cike da tausayi, ya gyara tsayuwa saitin mai hoto, ya ce mata Allah ya kiyaye gaba.