Wurin da Zenon Ya Ajiye wa Matarsa

A ƙauyen Olszanka mutum zai ara maka kwalekwalensa, ya ara maka gatarinsa, har ya bar maka gadonsa ya kwana a ƙasa, amma ba zai gaya maka inda yake tsinko laimar kwaɗi ba. Ka tambaye shi, sai ya ce "a daji," ya nuna maka da hannu gefen da bai taɓa takawa ba. Kowane gida da wurinsa a dajin da ke hayin tafki, kuma wurin ba ya fita daga bakin mai shi sai ya ji ƙafarsa ta fara gazawa. Ranar nan ce zai ɗauki mutum ɗaya ya kai shi, ɗaya tak, wanda ya fi kowa a ransa.

Shekara arba'in da ɗoriya Regina tana auren Zenon, ba ta san wurinsa ba. Ita ke yanka abin da ya kawo, ita ke jera shi a zare ta rataye bisa murhu ya bushe, ita ke dafa miyar jajibirin Kirsimeti da shi. Duk kaka zai shigo da kwando cike da borowik, laimar kwaɗin nan masu kaurin gindi da jan kai, irin waɗanda maƙwabta ke leƙowa ta katanga su gani su koma da ciwon rai. Ta ce, "Daga ina?" Ya ce, "A daji." Tana amarya ta taɓa bin sawunsa a ɓoye. Ashe ya gan ta tun daga bakin ruwa, ya yi ta zagaye da ita har ta nutse a taɓo ta bar takalmi ɗaya a ciki. Ya goyo ta zuwa kwalekwale yana dariya har da hawaye, ita kuwa tana dukan bayansa.

"Naki ne, Renia," ya ce mata ranar. "Ba wanda zan kai sai ke. Amma ki bari in tsufa tukuna."

Zenon ɗan kwalekwale ne. Da zafi yana yawo da baƙin Warsaw a kan tafki, su ɗauki hoton agwagin ruwa su ƙone da rana. Da kaka kuma yana haye da su tsintar laimar kwaɗi, da sababbin takalman robarsu da wuƙaƙen da ba su taɓa yanka komai ba. Akwai wani fili a hayi, ƙarƙashin bishiyoyi masu farin ɓawo, kowa a Olszanka ya san shi da wurin baƙi. Nan ake kai su. Abin da ke fitowa a nan rabinsa tsutsa ta riga kowa, amma baƙi ba su san bambanci ba, suna dawowa baki har kunne.

Bara ne abin ya fara. Ya kira karensu da sunan karen da ya mutu tun Danuta, 'yarsu, tana makaranta. Ya sa tabaransa a tukunyar miya. Wata rana aka tsince shi a tashar bas da hularsa ta zuwa coci, ya ce mahaifiyarsa yake jira. Hannunsa dai bai manta filafili ba, bakinsa bai manta barkwanci ba, amma sauran kullum sai ya ragu. Da ya kunna gas ya fita ya bar shi, Danuta ta zo daga birnin Olsztyn ta zauna a kicin ta yi kuka, ta ce ta samo masa wuri a gidan kula da tsofaffi. Regina ta zage ta tas, ta ce ita ba ta haifi mai zubar da uba ba. Bayan sati biyu ita da kanta ta buga waya ta ce to. Mota za ta zo ranar Litinin.

Ba laimar kwaɗin ce ta dami Regina ba, gwiwarta ma ba ta son daji yanzu. Alkawarin take so. In ya kai ta wurin nan, to har yanzu a cikin wannan kai da ke zubewa akwai inda aka ajiye ta. Ba ta tambaye shi ba, don abin nan ba a roƙonsa. Ta dai goge kwandon ta ajiye bakin ƙofa inda zai gani.

Asabar da safe, bayan an sha ruwan sama kwana da kwanaki, ya tashi idonsa tarwai. Ya sha shayinsa, ya leƙa taga, ya dubi kwandon.

"Sa takalmi, tsohuwa," ya ce. "Yau sun fito."

Ta ɗaura kallabi, ta sa rigar sanyinsa ta da, ta zura ƙaramar wuƙa a aljihu. Sau biyu tana sa takalmin dama a hagu.

A bakin gadar katakon da ake ɗaure kwalekwale suka tarar da Halina maƙwabciyarsu tana wanke bokiti. Ta dube su, ta dubi kwandon, ta miƙe tsaye.

"Yesu da Maryamu! Renia, ke ce za ki hayi? Da shi?"

"Da wa zan je, da mijinki?"

"Wannan ragon? Ko ƙofar bayan gida sai an nuna masa." Halina ta matso ta rage murya. "Yau ce ranar kenan?"

"Ki yi wankinki, Halinka."

"In kin dawo ki gaya min ko gefen ne kawai. Gabas ko yamma."

"A daji," Regina ta ce, ta nuna mata sama. Suka yi dariya su biyu, amma Halina ta juya da sauri tana share ido da gefen hannu.

Tafkin ya kwanta lum, tururin safiya na tashi a kansa. Zenon yana tuƙi kamar ɗan shekara talatin, filafili na shiga ruwa ba ƙara. Regina ta zauna tana fuskantarsa, kwando a cinya, tana kallon wuyansa da ya yi wa kwalar riga kaɗan. Tsoro da murna suka haɗe mata, ta rasa wanne za ta riƙe.

Sun kai tsakiya sai ya ɗaga haɓa ya nuna tsibiri.

"Wancan tsibirin da kike gani," ya ce, "a ƙarƙashinsa akwai ƙararrawar coci da ta nutse tun zamanin kakanni. In iska ta kwanta ana jin ta. Ni dai ban taɓa ji ba sai na kurɓi giya kofi biyu."

Ta san maganar nan. Ta ji ta daga bakin gada sau ba adadi, tana tahowa bisa ruwa tare da dariyar baƙi. Ta ce a ranta tsokana ce, halinsa ne.

"Zenek, bar shirme."

"Kada Pani ta jingina da gefe," ya ce da ladabi. "Ruwan da sanyi."

Pani. Abin da ake ce wa matar da ba a sani ba. Regina ta riƙe kwandon da hannu biyu. Ta ce wa kanta zai dawo, kullum yana tafiya ya dawo, in ƙafarsa ta taka daji ƙafar za ta tuna.

Ya ɗaure kwalekwale a hayi, ya miƙo mata hannu ta sauka. Hanya ta rabu biyu a nan. Ta hagu siririya ce, tana nutsewa cikin duhun itatuwa, ita ce wadda ta bi ranar da ta rasa takalmi. Ta dama faffaɗa ce, ƙafafun baƙi sun daddaɓe ta. Zenon ya tsaya a mararrabar. Ya dubi hagu, ya daɗe yana duba.

Sai ya juyo ya kashe mata ido ɗaya, ya bi dama.

Ta bi shi. Me za ta yi? Suka iso filin fararen bishiyoyin nan, da bencinsa da wani ya sassaƙa sunan budurwarsa a jiki, da robar ruwa da aka yar a gindin itace. Ya buɗe hannuwa kamar mai nuna gonar ubansa.

"Ga shi nan. Ba kowa nake kawowa ba. Pani ta duba gindin bishiya, ta yanka a hankali, kada ta tumɓuke."

Ta durƙusa bisa gwiwar da ke mata ciwo, ta yanki ɗaya. Tsutsa ta cinye cikinta. Ta sa a kwando duk da haka. Ta yanki wata. Ta ji haushinsa, ta ji haushin kanta da ta zauna jiran tsufa kamar tsufa zai zo ya tarar da su yadda suke.

"Nan ne wurinka?" ta tambaya, ba ta ɗago ba. "Na gaskiya?"

Ya yi dariyar nan tasa har kafaɗa na rawa.

"Kai, Pani da wayo take! To, tunda kin gane, ba nan ba ne. Kada ki ji haushi. Wancan ko limamin coci ya tambaye ni a ɗakin ikirari ba zai ji ba. Na matata ne. Regina. Na ajiye mata tun tana amarya."

"To me ya hana ka kai ta?"

"Ai ban tsufa ba tukuna."

"Ka kai ta, bawan Allah," ta ce. "Ka kai ta yau. Ta gaji da jira."

"Ba ki san ta ba ne. In na nuna mata yau, gobe da me za ta tsokane ni? Da sauran lokaci. Ba inda za ta, ni ma ba inda za ni."

Yana faɗin haka idonsa ya sauka kan wani abu a cikin gansakuka. Ya sunkuya ya ɗago borowik guda, ƙato, lafiyayye, wanda ya ɓata hanya ya fito inda ba a saba ba. Ya shinshina shi, ya goge masa ƙasa da babban yatsa. Ta miƙa kwando, sai ya girgiza kai ya cusa shi cikin rigarsa.

"A yi haƙuri. Wannan na gida ne."

A hanyar dawowa ya sake ba ta labarin ƙararrawa, ta gyaɗa kai. Halina na nan a bakin gada, ta daɗe da gama wankin amma ba ta tafi ba. Ta dubi cikin kwandon, ta ga abin da ke ciki, ta san daga inda ya fito. Ba ta yi tambaya ba, ta dai karɓe shi daga hannun Regina.

Zenon ya ɗaure kwalekwale, ya ɗaga wa Regina hula ya ce Pani ta sake zuwa baɗi. Ya kama hanyar gida da sauri, hannu dafe da ƙirji, tun daga ƙofar lambu yana kira.

"Renia! Renia, fito ki gani!"

Regina ta tsaya a bayansa tana jin ana kiranta a gidan da ba kowa. Sai ta tattare siket ta bi ta bayan rumbun itace, tana ɗingishi, ta shiga ta ƙofar baya. Ta tuɓe takalman roba, ta cire kallabi da rigar sanyin ta cusa bayan murhu, ta ɗaura zanen girki. Ta share fuska da shi.

"Ga ni nan, tsoho, ka ishe ni da ihu."

Ya shigo kicin yana haki. Ya gan ta, fuskarsa ta washe gaba ɗaya. Ya ciro borowik ɗin ya ɗora mata a tafin hannu, da ɗumin jikinsa a jiki. A bayansa, bakin ƙofa, ga akwatin da ta haɗa masa na ranar Litinin.

"Daga ina?" ta ce.

"A daji," ya ce, ya nuna da hannu gefen da bai taɓa takawa ba.