Barcin Baba Soja

Abin da Issaka ya mallaka a duniya bai wuce uku ba: takalmin sojan da ya dawo da shi daga yaƙin Bama, da akwatin rediyo, da barcin rana. A cikin ukun nan barcin ne ke ciyar da shi. Gadi yake yi a gidan wani Bature can wajen filin jirgi, daga shida na yamma zuwa shida na safe, kuma mai gadin da bai yi barci da rana ba zai yi shi a bakin aiki, ko ya so ko ya ƙi. In ya tako ƙasa ya iso unguwarsu Maamobi, ya sha kokonsa, sai ya ja ƙyaure. Matarsa Zuera ko turmi ba ta taɓawa sai an kira azahar.

Tsakanin azahar da la'asar lokacin akwati ne. A soja shi ke goyon na'urar wayar iska, a can ya koyi haɗa wayoyi da irin Turancin da ake yi a cikinta. Wannan akwatin kuwa daga shara ya tsinto shi, Baturensa ne ya yar. Ya yi wata uku yana fama da shi, ya ɗaura doguwar waya daga rufin ɗaki zuwa reshen dogon yaro, ba don komai ba sai don ya kamo Kaduna ya ji Hausar da ba a gauraya ba.

Wata Talata a farkon damina, yana murɗawa a hankali, sai wata murya ta faɗo masa ba sallama. Ba waƙa ba, ba labarai ba. Wani ne yake cewa ya taso daga Ikko, akwai baƙin hadari a gabansa, zai kewaye shi ta kan teku. Wata muryar ta amsa, ta gaya masa ƙarfin iska, ta ce ya hanzarta ya sauka. Issaka ya ji wani daɗi ya kama shi. Direban jirgin sama ne da mutumin hasumiyar filin jirgi, kuma ga shi a tsakiyarsu ba su sani ba.

Ya leƙa waje. Sama fes.

"Zuera, kwashe masarar nan."

"Yanzu na shanya ta, Maigida."

"Kwashe dai."

Ta kwashe tana gunaguni. Ba a yi rabin awa ba iska ta taso daga gabas, ta ɗaga kwanon rufi, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Duk gidan hayar nan, ɗaki goma sha ɗaya, masarar Zuera kaɗai ta tsira. Ita kuwa, Allah ya ba ta baki, kafin magariba ta gaya wa duk wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba.

Washegari da hantsi, barci ya fara daɗi ke nan, ya ji sallama. Amama ce, mai shanyar barkono da kuɓewa a bayan gida.

"Baba Soja, akwatinka ya ce mi? Ruwa zai zo ko ba shi zuwa?"

Ya amsa, ya kunna, ya saurara, ya ce babu labari tukuna. Bayanta sai Falalu mai wanki, da zannuwan gadon mutane a kai. Bayansa magini. Bayansa wata da ba a ma san ta a unguwar ba, daga Nima ta haye kwata don ta ji ko ta dafa wake da yawa.

Ya yi musu bayani har bakinsa ya bushe. Jirage ba koyaushe suke zuwa ba, kuma in sun zo, abin da ke gabansu kawai suke faɗa, ba na gobe ba. Suka ce "yoo, mun ji," suka dawo bayan awa guda. In ya faɗa ya dace, a ce Allah mai iko. In ruwa ya zo ba labari, a ce Baba Soja ya yi barci ya bar mutane. Mutanen kirki ne fa, babu mugu ko ɗaya a cikinsu, abin da ya sa maganar ta yi wuya ke nan.

Zuera ta yi nadama, ta dasa kujera a bakin ƙofa tana cewa yana barci. Sai su ce ai ba tashinsa za su yi ba, su ɗaga murya su yi sallama sau uku ta saman kanta. Shi kuma tun yana yaro ba a koya masa yadda Musulmi zai ji sallama ya yi shiru ba. Yakan kwanta ido rufe yana roƙon Allah kada a yi ta uku. Ana yi sai ya ji bakinsa ya amsa.

A zaman sauraron nan ya lura da wani abu. Ƙarfe biyu na rana muryar hasumiya takan canza. Mai kakkaurar murya ya tafi, mai siririya ya karɓa. Issaka yakan yi tunanin na farkon, ya rataya abin kunnensa, ya hau kekensa, ya je gida ya miƙe ƙafa, ba wanda zai bi shi da tambaya. Yana jin ƙyashin mutumin nan ƙwarai, bai kuwa taɓa ganinsa ba.

Sati na uku Baturen ya fito da asuba ya tarar da shi yana gyangyaɗi jikin ƙofa. Bai yi faɗa ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce wannan na farko ne, na biyu shi ne na ƙarshe. Issaka ya haura hamsin, gwiwa ɗaya ta lalace tun a Bama. Ya san in wannan aikin ya kuɓuce, ba mai ɗaukarsa ko dako.

A ranar, shi da kansa ya sa gora ya tsinko wayar daga bishiya, ya ce iska ce. Kafin la'asar Falalu ya hau ya ɗaura ta, har ya ƙara mata tsawo.

"Baba, kar ka gode, ai zumunci ne."

Ya ce batir ya mutu. Matan gida suka haɗu suka aiko da sabo daga kasuwar Tudu, a naɗe cikin takarda, da goro biyar a kai. Ya riƙe batirin yana kallonsa. Ya yi godiya, don ba abin da ya rage sai ita.

Ran Lahadi aka yi sunan ɗan Falalu. An shimfiɗa tabarmi a fili, an ɗora tukwane a waje, sama kuwa ta wuni tana ɓata fuska. Aka ɗauko akwatin aka ajiye shi a inuwa, aka kawo wa Issaka kujera mai hannu da naman rago, don girmamawa. Tun safe har la'asar sakaliya kunnensa na jikin akwati, duk wanda ya gifta sai ya ce, "Yaya dai, Baba?" Ko ɗigo bai sauka ba. Aka yi ta sa masa albarka kamar shi ya riƙe ruwan. Ƙarfe biyar ya ɗaura takalmi ya kama hanya, ƙafa na tafiya, kai na wani wuri.

Hasken rana ne ya tashe shi. Yana zaune a kan benci a wurin gadi, kulkinsa babu, tocila babu. Ya duba ƙasa, ƙafafunsa tsirara. Baturen ya zo ya kwance takalmin soja ƙafa biyu, igiya bayan igiya, shi kuwa bai motsa ba. Kuku ne ya miƙo masa su ta saman ƙofa, ya kasa haɗa ido da shi.

"Massa ya ce ka tafi ka huta."

Bai sa takalmin ba. Ya rataya su a wuya ya taka har Maamobi. Kunyar ta fi korar ciwo: shi da ya kwana uku a rami a Bama ido buɗe, yau an tuɓe shi kamar jariri. Zuera na ganin takalmin a wuyansa ta ajiye ludayi. Ta kaɗe tabarma, ta sake labule, ta fita.

Ya kwanta. Yau rana tasa ce, dare ma nasa ne, barci kuwa ya ƙi zuwa. Yana kallon kwanon rufi har aka kira azahar.

Labari ba ya kwana a gidan haya. Bayan salla Falalu ya yi sallama, Amama na bayansa. Suka durƙusa daga bakin ƙofa, kuma da gaske ransu ya ɓaci.

"Mun ji abin da ya faru, Baba. Turawan nan ba su da imani kwata-kwata. Allah ya sa haka ya fi alheri."

"Amin."

Amama ta gyara mayafi.

"To yanzu da dare ma kana gida ke nan, ko? Alhamdu lillahi. Don wallahi ruwan dare ne ya fi cutar mu sosai paa."

Zuera ta miƙe da taɓarya a hannu. Issaka ya ɗaga mata hannu.

"Bar su."

Ya jawo akwatin, ya murɗa. Ƙara ta cika ɗakin, sannan murya ta fito. Mai kakkaurar muryar ne, yana sallamar wani jirgi da ya nufi arewa. Aka ɗan yi shiru, sai siririyar ta karɓa. Ƙarfe biyu ta yi, wancan ya tashi aiki.

"Ya ce mi?" in ji Amama.

"Ya ce zai tafi gida ya kwanta," in ji Issaka. Ya gyara zama, ya matso da kunnensa.