Abin da Dogo Bai Gani Ba

Matar Dogo ta matse tawul daga ruwan zafi ta shimfiɗa masa a kafaɗa, ya gantsare kamar an taka wa kyanwa wutsiya.

"Ki tuna fa mutum ne a hannunki, ba kwaɓin burodi ba," in ji shi, fuskarsa a cuse cikin filo.

Ta danna tafin hannu a ƙasan wuyansa ta ci gaba da murzawa. A gidan burodin da take aiki, duk ranar da injin kwaɓi ya ƙi tashi ita ake nema, don haka ƙaton bayan mijinta bai isa ya ba ta tsoro ba. Ta san inda nama ya ɗaure, ta san inda za ta sassauta. Tun da aka sallamo shi daga asibiti haka suke yi kowace safiya kafin ta fita: gashi, man zafi, tausa, da mitar Dogo a kai kyauta.

Tsamin jikin kuwa ba na wasa ba ne. Ranar farko ko cokali ba ya iya kaiwa baki sai ya yamutsa fuska. Cinyoyi, haƙarƙari, gadon baya, har muƙamuƙi, babu inda bai yi tsami ba, sai ka ce an sa shi a buhu an yi ta jibga. Gefen harshensa ya fashe, shayi ma sai ya huce yake kurɓa. Idan dariya ta kama shi sai ya dafe ciki yana roƙon a ji tausayinsa, alhali shi ne ya kawo abin dariyar.

Duk da haka ko a jikinsa. Dogo mai fenti ne, kuma ba fentin ɗakin kwana ba. Bangon waje na dogayen benaye shi ne fanninsa, inda ake tsayawa a kan katakon da aka ɗaura a jikin gini, iska na kaɗa wa mutum wando. Shi da tsamin jiki sun daɗe da sanin juna. Kamar kowane mai aikin ƙarfi, ya yi imani cewa tsamin jiki ba shi da magani sai komawa aiki. In ka kwanta masa ya shige ƙashi, in ka ɗauki bokiti ya gudu da kansa. Har ƙa'ida ya sa wa kansa: ranar da ya iya ɗaga hannu biyu sama da kansa, ranar zai koma bakin aiki.

Abin da bai sani ba shi ne inda wannan tsamin ya fito.

Ranar hutu ce abin ya faru, da hantsi, yara sun tafi gidan kakarsu. Yana tsaye a falo yana zuba ruwa a kofi ya yanke jiki ya faɗi. Shi iyakar abin da ya riƙe ke nan: kofi, sai kuma silin ɗin asibiti, wanda da farfaɗowarsa ya ce duk wanda ya yi masa fenti ya cuce su. Abin da ya auku tsakanin kofin da silin ɗin, matarsa kaɗai ta gani. Likita ya gaya mata a tsaye cewa jijjiga ce irin ta farfaɗiya, karo na farko. Ya ce tsamin jikin ya zo ne don duk naman jikinsa ya ɗaure a lokaci guda, kuma zai wuce da kansa. Jijjigar ce ba a da tabbas a kanta, tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa har abada. Kafin a yi masa hoton ƙwaƙwalwa a gama gwaje-gwaje, ba hawa sama, ba tuƙi. Lokacin Dogo yana ta gyangyaɗi, ko kalma uku bai tsinta ba.

A nan Yaya ta shigo maganar. Yayarsa ce, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har gobe kallon yaro take yi masa duk da furfurar da ke gemunsa. Ta ja matar gefe a barandar asibiti ta kafa mata doka: kada a kuskura a ambaci sunan ciwon nan, ko a gabansa, ko a gaban maƙwabta. In magana ta fita, wa zai ƙara ba shi aiki? Kuma namiji in ya ji irin wannan, zuciyarsa ce za ta fara karyewa. A ce masa suma ya yi saboda gajiya, shi ke nan. Matar ta amince, don ita ma a ranar ba ta da bakin faɗa. Ta dai gaya masa likita ya ce ya huta, kada ya hau sama. Dogo ya yi dariya har haƙarƙari ya tsayar da shi, ya ce ai likita ko ƙaya ce ta soke ka sai ya ce ka huta.

Da ta gama tausar wannan safiya, ya tashi zaune a bakin gado ya juya wuya dama da hagu. Sai ya ce ta tsaya ta gani. A hankali ya ɗaga hannuwan nan dogaye, suka wuce kafaɗa, suka wuce kunne, har yatsunsa suka kusa taɓa fanka. Ya riƙe su a can yana murmushi irin na yaron da ya ci jarrabawa.

Ta ji daɗi, ba za ta ɓoye ba. Aikin hannunta ne. Daɗin bai kai ta bakin ƙofa ba ya koma tsoro, domin ta gane cewa duk kwanakin nan ba maganar likita ce ta tsare mijinta a gida ba, ba kuma tata ba. Ciwon kafaɗa ne ya tsare shi, ita kuma ta zage damtse ta kore shi.

A gidan burodi ranar kwaɓi ya sha wuya a hannunta. Ta buga shi, ta naɗe, ta sake bugawa, har abokiyar aikinta ta tambaye ta ko fulawar ta zage ta ne. Ita dai lissafi take yi. Ta san mijinta. In ta yi kuka, zai lallashe ta ya ɗauki buroshinsa. In ta yi faɗa, zai mai da abin raha. In ta ce likita ya ce, ta riga ta ji amsar. Mutum ne da bai yarda da abin da aka ce ba sai abin da ya gani; ko launin fenti aka kwatanta masa a waya, sai ya ce a shafa a bango tukuna. Tana jera kwanonin gashi a tire wannan tunanin ya tsaya mata. Ta wanke hannu, ta roƙi mai gidan burodin ya sake ta da rana tsaka, ba ta jira ya gama ƙorafi ba ta kama hanya.

Zatonta bai yi ƙarya ba. Ta tarar da shi a falo cikin kayan aiki, wandon nan da ya sha fenti kala-kala har yana iya tsayuwa da kansa, ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmi. Yaya na zaune a kujera da ledar lemo da ta kawo dubiya. Dogo ya ce Gajere, abokin aikinsa, ya kira. Bango ɗaya ne ya rage a hawa na huɗu, mai ginin yana ta azalzala, yanzu Gajere zai biyo ya ɗauke shi a mota. Yaya ta sa baki ta ce gara ma ya fita ya sha iska, zaman gida shi ke jawo tambayoyin mutane, in ya so ya bi a hankali.

Matar ta kalli Yaya. Wato ita ma ta maimaita maganar suman har ta fara yarda da ita. Ba laifinta ba ne, a asibiti ta same shi yana barci lumui kamar jariri.

"Baban yara, ba suma ka yi ba," ta ce.

Yaya ta yi gyaran murya mai ƙarfi. Dogo ya ɗago yana murmushi, ya ce to mene ne, rawa ya yi?

Matar ta ajiye jaka, ta ja teburin tsakar falon zuwa jikin bango, ta ɗauko kofi ta tsaya daidai inda ya tsaya ranar. Ta ce ya kalle ta da kyau, don sau ɗaya za ta yi.

Ta fara da sautin. Wani gurnani ne daga can cikin maƙogwaro, wanda tun ranar yake tashinta daga barci, ba ta taɓa zaton bakinta zai iya fitar da shi ba. Ta saki kofin. Ta zube a ƙasa ta sandare, ƙafafu a miƙe, hannuwa a dunƙule, wuya a karkace, haƙora a datse. Ta juya idanunta sama har falon ya ɓace mata. Sa'an nan ta fara fizga, kafaɗa da gwiwa da kai, dugaduganta na dukan siminti. Ta ji Yaya na salati tana cewa ta bari, ta bari don Allah. Ba ta bari ba. Ta ci gaba har numfashinta ya ƙare, har bayanta ya ɗauki zafi, sannan ta saki jiki ta yi minsharin nan mai kauri da ya biyo baya, wanda a ranar ta ɗauka fitar rai ce.

Da ta buɗe ido, murmushin ya bar fuskarsa. Igiyar takalmi ɗaya na hannunsa, bai ƙarasa ɗaurewa ba.

Ta tashi zaune tana haki, ta gyara ɗankwali. Ta ce masa nata gajere ne, nasa ya ninka wannan. Ta ce akwai abin da ba za ta iya kwaikwaya ba: leɓɓansa sun yi duhu, jini da kumfa sun fito ta gefen baki, kuma ya jiƙa wandonsa. Ta faɗi wannan na ƙarshen tana kallon idonsa, don ta san shi zai fi yi masa ciwo, kuma ta san in ta rage masa ko kaɗan zai sami ƙofar fita.

"Wannan tsamin da kake ji, ba na aiki ba ne. Na wannan ne," ta ce. "Yanzu ɗauki abin da ka gani ka ɗora shi a kan katakonka, a hawa na huɗu."

Yaya ta fara kuka tana cewa wannan wane irin rashin tausayi ne, a tozarta mutum a cikin gidansa. Dogo ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru. Ya daɗe yana kallon wurin da matarsa ta kwanta. Ya shafa gefen harshensa da yatsa kamar yau ya fara sanin da ciwon.

"Ke kaɗai ce a ɗakin?" ya tambaya.

"Ni kaɗai."

"Me kika yi?"

Ta ce ta janye tebur, ta tura masa filo a ƙarƙashin kai. Ta so ta danne shi, ƙarfinta bai kai ba, daga baya likita ya ce gara da bai kai ba, ba a dannewa, ba a kuma cusa komai a baki. Da jijjigar ta lafa ta juya shi ya kwanta a gefe don kada ya shaƙe, sannan ta fita neman mota ko takalmi babu.

A waje aka danna hon sau biyu. Dogo ya miƙe ya fita, matar ba ta tare ƙofa ba. Abin da za ta iya yi ta yi. Ta taga ta hango shi ya jingina da ƙofar motar yana magana da Gajere. Maganar ta ɗan ja, Gajere na gyaɗa kai, ya daina wasa da makulli. Sai Dogo ya zagaya bayan gida ya fito da doguwar sandar rolar fentinsa, wadda ko aro ba ya bayarwa, ya ɗora a bayan motar da hannunsa. Motar ta tashi ba tare da shi ba.

Ya dawo ya ce ya gaya wa Gajere gaskiya, da sunan ciwon da komai. Bangon sama Gajere zai ƙarasa. In akwai ƙofofi da tagogin ƙasa, a ajiye masa, zai yi su a zaune a kan bokiti har likita ya gama bincikensa. Yaya ta ce shi ke nan, ya tona wa kansa asiri, gobe gari zai ɗauka. Ya ce gara gari ya ɗauki maganarsa da a ɗauko shi a ƙasan bene.

Ya cire takalman ya ajiye gefe. Sai ya dafa kujera, ya durƙusa a hankali yana nishi, ya miƙe a kan simintin nan da kayan aikinsa, ƙafafunsa har suna taɓa ƙafar tebur.

"Yaya, taso," ya ce. "Ita tana wurin aiki da safe, ke ce kike yawan zuwa. Ta nuna miki yadda ake juya ni."

Yaya ta kalli ƙaninta, ta kalli matarsa. Ta share ido da bakin mayafi, ta ajiye ledar lemon, ta sauko a kan gwiwoyinta.

"Sa hannu ɗaya a kafaɗarsa, ɗaya a ƙugu," in ji matar. "Kada ki ji tsoro, ki sa ƙarfi, ya fi yadda kike zato nauyi."