Injiniya da Ƙofar Silin

Injiniya mai gyaran wutar lantarki ne, kuma gwani ne, wannan babu musu. Amma ya saki jiki da ci da zama har ya ajiye tumbi, yana kiran abin rufin asiri. Ba rufin asiri ba ne, lalaci ne.

Wani ɗan kwangila ya kai shi sabon gida mai ɗakuna da yawa da za a ja wa waya. Ƙofar shiga cikin silin, inda wayoyin za su bi, a lungun banɗaki take, inda dogon tsani ba ya tsayuwa. Sai mutum ya hau gajere, ya kama bakin ƙofar da hannu biyu, ya ja jikinsa ya shige. Injiniya ya kama, ya ja, ya yi nishi. Kansa ya leƙa ciki, sauran jikin ya ƙi bin sa.

"Injiniya, aikin a sama yake, ba a ƙasa ba," in ji ɗan kwangila. "Magina suna da sauran aiki. In sun gama ka iya shiga, aikin naka ne. In ba ka iya ba, zan nemi siriri."

Rabon Injiniya da babban aiki irin wannan an daɗe. Ya sa mai walda ya kafa masa bututun ƙarfe a ƙofar ɗakinsa. Kullum da safe sai ya yi tsalle ya kama, ya dinga harba ƙafa a iska, haɓarsa ko kusa da ƙarfen ba ta zuwa.

"Baban yara, motsa jiki kake yi ko shanya kanka ka yi?" in ji matarsa. "In shanya ce, matsa, ina da zannuwa."

Ana cikin haka wanta ya shigo, tsohon soja da kowa ke kira Kofur. Ya tsaya ya kalli abin tausayin.

"Sauko kafin ka karya musu ƙofa. Jawo benci. Hau, ka ɗora haɓarka sama da ƙarfen, ka ɗage ƙafa, ka sauko a hankali."

"Haba Kofur, hawa nake nema, kana koya min sauka?"

"Hannun da bai iya riƙe ka kana sauka ba, da me zai ɗaga ka? Ke kuma ki rage masa kwano."

Injiniya ya ji kunyar bencin, sai ya koma yin abin kafin yara su tashi. Girman kai ne, amma dai ya yi. Da farko faɗowa yake yi tim kamar buhun siminti. Tafin hannunsa ya yi kanta, kafaɗunsa suka yi tsami har sa riga sai da dabara. Sannu a hankali saukar ta fara jin maganarsa. Wata safiya ya ture bencin, ya ja, sai ga haɓarsa a kan ƙarfe.

"Kin gani? Kin gani?" ya ƙwala wa matarsa.

"Wallahi tukunya nake kallo. Sake."

Ya gwada, abin ya ƙi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce ta gani.

Da magina suka gama, ɗan kwangila ya kira shi. Injiniya ya hau gajeren tsanin, ya yi bisimilla, ya kama bakin silin. Bai harba ƙafa ba. Ya ja, ƙirjinsa ya wuce, ya kafa gwiwar hannu. Tumbin ya ɗan yi gardama, maɓallin riga ɗaya ya tsinke ya faɗo, sai ƙafafun suka ɓace.

Ɗan kwangila ya ɗaga kai. "Kana da rai?"

"Da sauransa, yallaɓai."

"To, aikin naka ne. Sauko mu yi magana."

"Yi maganarka daga nan, ina ji. Miƙo min tocila da filaya."